Harawa Kafin Awaki: Inda Na Kai a Shekara ta Uku

'Yan'uwana masu koyon noma da kiwo, ga inda aka kwana a 'yar gonata da ke bayan garin Garwa a arewacin Kamaru, wadda ba ta wuce rubu'in hekta ba, kuma sai na tashi daga aiki nake leƙa ta.

Da awaki biyu da kaji goma na fara. Da damina ta kankama, ciyawa ta rufe ko'ina, sai kwaɗayi ya kai ni kasuwar Pitowa ranar Lahadi, na yi ta ƙari har awakin suka kai tara. Na manta cewa a nan ruwa kan ɗauke a watan Oktoba, kuma sai an shafe kusan wata shida kafin ƙasa ta sake yin kore. Da zafin Maris da Afrilu ya tsananta, harawa ta yi tsadar da ta fi ƙarfin aljihuna, dole na sayar da huɗu a rame, ƙasa da kuɗin da na sayo su.

Tun daga nan na juya lissafin: yawan damin da ke kan rumfa shi ke yanke yawan bakin da zan ajiye. Bana na shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa, na kuma tuge shi da zarar na tsince 'ya'yan, tun ganyen bai kakkaɓe ba, domin amfanin harawa yana cikin ganyen, ba cikin igiyar ba. Na shanya ta kwana biyu zuwa uku, na ɗaure da sanyin safiya lokacin da ganye ba ya karyewa, sannan na ɗora ta sama, nesa da gara da raɓar ƙasa. Karan dawa kuwa sai na daddatsa shi ƙanana na yayyafa masa ruwan kanwa, in ba haka ba awaki su tsinci ganye su tattake sauran. Harawar kanta ba na buɗe ta sai Fabrairu, kuma masu ciki da masu shayarwa ne ke fara samu. Tun da akuya wata biyar take ɗauka, ina raba bunsuru da su domin haihuwa ta faɗo cikin damina.

Ƙulin auduga, wato abin da ya rage bayan an tatse man 'ya'yan auduga, wanda ake samu a nan saboda masana'antar auduga ta Sodecoton, ina ba awaki cikin tafin hannu ɗaya gauraye da dusa. Kaji kam ba na ba su, don yana iya cutar da su.

Su kajin, na yi musu rigakafin cutar Niyukasul, wata annobar kaji, kafin hunturu ya shigo, kuma duk sabuwar da na sayo sai ta yi mako biyu a keɓe. Yanzu awaki shida ne, dami arba'in a kan rumfa. A ƙarshen Afrilu zan sanar da ku nawa ya rage.