Wahalar marubuci da duhun labarinsa: a fara duba shekaru

Babban abin da nazarin adabi ya koya mini shi ne kada a yi saurin cewa wahalar da marubuci ya sha ce ta sa alƙalaminsa ya koma ga mutuwa da hauka. Sau da yawa haka ne, amma sai an tantance. A ja layi biyu a takarda, ɗaya na abin da ya same shi, ɗaya na shekarun fitowar ayyukansa, a ga wanne ya riga wanne.

Ɗauki Edgar Allan Poe na Amurka. Ɗalibai kan ce rasuwar matarsa Virginia ce ta cika labaransa da mata masu mutuwa da ƙuruciya. To, tarin fuka ya bayyana a jikinta a 1842, ta rasu a 1847, alhali cikin irin waɗannan labaran nasa, "Berenice" ya fito tun 1835, "Ligeia" kuma 1838. Ashe tabon ya girmi ciwon matar: mahaifiyarsa ta rasu a 1811 bai cika shekara uku ba, wadda ta riƙe shi ta bi ta a 1829.

Inda rayuwa ke shiga rubutu da gaske, a ƙananan abubuwa ake kama ta. A Disambar 1849 aka kai Dostoyevsky na Rasha filin harbi, aka karanta masa hukuncin kisa, har an ɗaure mutum uku na farko a turaku, sai ga saƙon sassauci daga sarki. Ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk. Kusan shekara ashirin bayan ranar filin harbin, a littafinsa "The Idiot", ya kawo wani mai jiran kisa da ya raba mintuna biyar ɗinsa na ƙarshe: biyu na ban kwana da abokai, biyu na tunanin kansa, saura na kallon duniya. Kowa na iya rubuta tsoron mutuwa, amma wannan lissafin, a ganina, sai wanda ya tsaya a filin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar mai ba da labari a matsayin marubucin. Mahaukacin da ke magana a labarin Poe gini ne da aka tsara da hankali, don mujallu masu biyan kuɗi. A kuma binciki wanda ya rubuta tarihin: mummunan hoton Poe da ya yaɗu bayan rasuwarsa a 1849, yawancinsa daga Rufus Griswold ya fito, abokin adawarsa, wanda har wasiƙunsa ya yi wa coge.