Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da ƙwayoyina suka sha shuɗi

Makon jiya na tsaya inda na samu aiki a wani ɗakin bincike a Jidda. Juma'ar farko da na koma gida Makka, na tarar da Inna da faifai a cinya tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wai me kuke yi a can ne?"

Na ce, "Inna, irin aikinki ne. Da, tsoka ake markaɗawa gaba ɗaya, kamar a niƙa gero da dawa wuri guda sannan a ce a faɗi ɗanɗanon kowanne. Mu ƙwaya-ƙwaya muke bi."

Kuma haka abin yake. A 2009 aka fara karanta dukkan saƙon RNA, wato kwafin umarnin gado da ƙwaya ke aiki da shi, na ƙwayar halitta guda, a Kambirij ta Ingila. A 2015 masana a Amurka suka fito da dabarar kulle kowace ƙwaya cikin ɗigon ruwa a tsakiyar mai, tare da ɗan duwatsu mai ɗauke da lamba, ta yadda ko an gauraya dubbai za a gane saƙon kowace. Injinmu, Chromium, haka yake yi cikin 'yan mintuna.

Amma wahalar tana kafin inji, kuma ita ce ba a faɗa. Sai ka narkar da naman da sinadari, ka tace da rariya mai ramin maikiron 40 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kana aiki kan ƙanƙara, hannu a sanyaye. Daga nan ka ɗiga wa ƙwayoyin wani rini da ake kira shuɗin tiripan. Rayayyiya ba ta shan shuɗi, matacciya ce ke sha.

Samfurina na farko ƙari ne da aka ciro daga jikin wata baiwar Allah. Na matsa wa ƙwayoyin wajen zuƙa da fesawa da ɗan bututun awo, na kuma daɗe. Da na leƙa madubin ƙara girma, fiye da rabi sun yi shuɗi. Ba tsadar kayan aiki ce ta sa ni hawaye ba. Naman mutum ne, kuma ba za a sake yanka ta domina ba.

Da na faɗa wa Inna a waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ya sunanta, in sa ta a addu'a?" Na ce lamba kawai muke gani. Ta ce, "Allah ya san ta."

Ranar Lahadi aka kawo samfuri na biyu. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.