Mai iyali ma yana son sabuwar mota

Daren jiya bayan yara sun yi barci ni da maiɗakina muka sake zama da biro da takarda kan maganar mota, karo na uku kenan a watan nan. Wadda muke hawa ta gaji, kusan duk wata sai ta kwana wajen bakanike, ga yara uku a kujerar baya kuma ƙaramar tana cikin kujerarta ta jarirai wadda ita kaɗai ta cinye kusan rabin wurin. Na fara yi mata bayanin motocin lantarkin nan na Chaina da rigimar da ake yi a kansu, sai ta katse ni ta ce "Abban yara, ni fa ba ruwana da ƙasar da aka ƙera ta, but ɗinta zai ɗauki keken jaririya da jakunkunan makaranta? Kuma nawa za mu riƙa biya duk wata?" Tambayoyin nan biyu su ne gaba ɗaya maganar a wurin mai iyali, amma wallahi in ka saurari manyan da ke muhawara a kai da wuya ka ji wani ya ambace su.

Akwai wata ƙaramar motar lantarki ta kamfanin BYD na Chaina da ake kira Seagull, a Chaina a 2024 farashinta ya fara daga ƙasa da yuwan 70,000, wato wajen dala 10,000, sabuwa fil. Da aka kai ta Turai a 2025 an canza mata suna zuwa Dolphin Surf, an ɗan ƙara mata tsawo an gyara ta ta dace da dokokin can, sai kuɗinta ya koma wajen yuro 23,000. Mu dai ba za ta ɗauke mu ba don mutum huɗu take ci mu kuma biyar ne, amma sunanta kaɗai ya hana shugabannin manyan kamfanonin mota barci, don ta nuna wa duniya cewa abin da aka daɗe ana faɗa mana, wai motar lantarki dole ta yi tsada, ba haka yake ba.

Me ya sa tasu take da araha haka? Batir ne. Shi ne abu mafi tsada a jikin motar lantarki, kuma BYD tun asali a 1995 kamfanin batir ne a Shenzhen, batirin waya yake yi kafin ya shiga harkar mota. Yau da kansa yake yin batirinsa da injinsa da yawancin kayan cikin motar, har jiragen ruwan dakon motoci yana da nasa. Sannan sun rungumi wani nau'in batir da ake ce wa LFP wanda babu kobalt babu nikel a ciki, ƙarfe ne da fosfet da litiyam, ya fi sauƙin kuɗi kuma yana jure yawan caji, illarsa kawai ya fi nauyi kuma ba ya son tsananin sanyi. Ga kuma kamfanoni birjik a cikin gida suna ta karya wa juna farashi, sun ƙera fiye da abin da kasuwarsu za ta shanye, dole su nemi inda za su kai.

Toh sai aka fara rufe ƙofa. Amurka a 2024 ta ɗora wa motocin lantarkin Chaina haraji na kashi 100 cikin 100, Kanada ma ta bi sahu a shekarar. Tarayyar Turai ta yi bincike ta ce gwamnatin Chaina na ba kamfanonin tallafin da ya wuce ƙa'ida, a watan Oktoba na 2024 ta ƙara wa BYD kashi 17, Geely kashi 18.8, SAIC mai ƙera motocin MG kuma kashi 35.3, duk a kan kashi 10 da dama ake biya. Jamus da kanta ba ta goyi bayan harajin ba don tana tsoron abin da zai samu motocinta a kasuwar Chaina. Har Dacia Spring, wadda ta kamfanin Turai ce kuma tana cikin mafi araha a can, harajin ya shafe ta saboda a Chaina ake haɗa ta.

Ni ban ce maganar tallafin ƙarya ba ce, kuma gaskiya ina jin tausayin ma'aikata. A ƙarshen 2024 Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago cewa zai rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030, kowane ɗaya daga cikinsu mai iyali ne kamar ni, da kuɗin haya da kuɗin makaranta a wuyansa, ba zan taɓa yin murna da hakan ba. Amma abin da ke ƙona min rai shi ne, wa ya fara juya wa ƙaramin mai saye baya? Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023, motar da ta yi kusan shekara hamsin tana kai 'ya'yan talakawa makaranta. Volkswagen ya daina Up a wannan shekarar. A Amurka tun 2018 Ford ya sanar zai bar ƙananan motoci ya koma kan manyan jif da a-kori-kura saboda can ribar take, yanzu matsakaicin kuɗin sabuwar mota a ƙasar ya kai wajen dala 50,000. Su da kansu suka tashi daga wannan layin na kasuwa suka bar shi fayau, da wani ya zo ya shimfiɗa kayansa a wurin sai kuma aka ruga wajen gwamnati ana kuka. Kuma harajin nan ba daga aljihun mai kamfani yake fita ba, a kan takardar da ke gabanmu ni da maiɗakina yake sauka, ko dai a kuɗin motar ko a rashin wadda za ta tilasta wa sauran su sauko.

An taɓa yin irin wannan fa. Bayan tashin farashin mai na 1973 ƙananan motocin Japan suka cika Amurka, aka yi ta ihu, a 1981 aka sa Japan ta taƙaita abin da take turawa zuwa mota miliyan 1.68 a shekara, farashi ya hau, mai saye ya biya, daga baya Honda ya buɗe masana'anta a Ohayo a 1982 sauran suka biyo. Yanzu ma BYD ya kafa tasa a Szeged ta ƙasar Hungari. Kuma tun da aka ji ƙamshin gasar sai ga Citroën ya fito da ë-C3 a kan yuro 23,300, ga Renault 5, ga alkawarin Renault na Twingo ƙasa da yuro 20,000, duk ƙananan motocin lantarki na Turai. Ashe dama ana iyawa.

Masu cewa wai iyalai ne ba sa son motar lantarki su duba Faransa. A farkon 2024 gwamnati ta fito da tsarin hayar mota mai lantarki ga masu ƙaramin ƙarfi a kan kamar yuro 100 duk wata, cikin 'yan makonni mutum 50,000 suka samu, dole aka rufe shirin na shekarar a watan Fabrairu. A Jamus kuwa da aka janye tallafin saye kwatsam a Disambar 2023 ciniki ya faɗi. Mutane na so, kuɗin ne babu.

Sai dai kuma ni ma da nake wannan maganar ban yarda in ga araha a gilashin mota in rufe ido ba, don Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai iyali mota ɗaya gare shi, in ta tsaya komai na gidan ya tsaya. In wani ya goge maka fitila ko bamba, kayan gyaran na nan kusa ko sai an jira jirgin ruwa wata biyu? Kamfanin inshora nawa zai caje ka a kan motar da bai saba da ita ba? Bayan shekara biyar in ka tashi sayarwa wa zai saya, kuma a nawa, tunda sabuwarta kullum ƙara sauka take yi? Ga babbar fargabata, kamfanin ma zai kai shekara biyar ɗin? WM Motor, wani kamfanin motocin lantarki na Chaina, ya durƙushe a 2023 ya bar masu motocinsa da manhajar da babu mai kula da ita, kuma a irin wannan gasar ba shi kaɗai zai faɗi ba. Sai maganar caji, wanda ke da gareji ya jona da dare ya kwanta, kafin asuba ta cika a kuɗi kaɗan, amma wanda ke zaune a benen haya yana ajiye mota a bakin titi sai ya je wurin cajin kuɗi, can kuma ribar da ya yi lissafin zai samu ta barin fetur tana iya zagwanyewa. Duk da haka babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki ma ya fi daɗewa, ga wanda ya sha zaman gareji kamar ni wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni da maiɗakina mun tsaya a kan ranar Asabar za mu je mu ga guda biyu masu kujera biyar, ɗaya ta Chaina ɗaya ba ta Chaina ba. Ta ce za ta tafi da kujerar jaririyar da keken gaba ɗaya ta gwada a gaban dilan, ni kuma na rubuta abin da zan tambaya a bayan takardar, garantin batir shekara nawa ne kuma kilomita nawa, ina kayan gyara suke, sannan kuɗin wata nawa ne idan an haɗa da inshora.