Unguwar da Na Sauka a Berlin da Abin da Ya Sa Na Zaɓe Ta

Harkar citta da zoɓo ce ta kai ni Berlin, babban birnin Jamus, lokacin kasuwar baje kolin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu mai suna Fruit Logistica da ke ci duk watan Fabrairu a filin Messe, can yammacin gari. Inda gizo ke saƙar shi ne masu ba da biza suna son ganin takardar masauki tun kafin su buga maka hatimi. Ke nan dole ka zaɓi unguwa a garin da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba, kana zaune a Kano kana jan taswira da yatsa a waya. Abokan tafiyata biyu ba su wahalar da kansu ba. Babbanmu, wani Alhaji mai ciwon gwiwa, ya ce shi dai a sama masa ɗaki a bakin filin baje kolin. Ɗayan, matashi, ya ce sai tsakiyar gari, inda doguwar hasumiyar talabijin take. Ni na bi wata hanya daban, kuma da yake mun riƙa kai wa juna ziyara da yamma, na ga unguwannin uku da idona.

Berlin ba ta da tsakiya guda. Daga 1961 zuwa 1989 katanga ta raba ta biyu, kowane ɓari ya yi nasa kasuwanni da manyan tituna: yamma na da titin Kurfürstendamm da tashar Zoo, gabas na da dandalin Alexanderplatz da hasumiyar talabijin mai tsawon mita 368. Katanga ta faɗi, amma garin bai koma ya dunƙule ba. Gundumomi 12 ne, mutum sama da miliyan 3.6, a shimfiɗe a kan fili mai faɗin gaske. Don haka in otal ya rubuta cewa yana tsakiyar gari, sai ka tambaya: tsakiyar wane ɓari?

Abin da na sa wa ido a taswira shi ne layin jirgin ƙasa mai zagaye birnin, wanda suke kira Ringbahn. Tsawonsa kilomita 37, tashoshi 27, jirgi na gama zagayen cikin awa ɗaya. S41 na bin hannun agogo, S42 na yin akasin haka. Tashar Messe Nord, wadda ke kusa da filin baje kolin, a kan wannan zoben take. Da na ga haka sai lissafi ya yi sauƙi, domin duk unguwar da ke kan zoben za ta kai ni wurin aikina ba tare da na sauya jirgi ba. Saura tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi: in na taso da yamma a gajiye, ga sanyi, ga duhu tun wajen ƙarfe biyar, ina zan ci abinci ba tare da na tsaya tambayar ko akwai alade a ciki ba, kuma ina zan yi Juma'a?

Amsar ta kai ni Neukölln, kusa da tashar Hermannstraße, inda zoben ya haɗu da jirgin ƙarƙashin ƙasa na U8. Daga nan zuwa Messe Nord minti ashirin da 'yan kai ne a S41.

Neukölln kusan ita ce Sabon Garin Berlin. Bayan yarjejeniyar 1961 da ta kawo Turkawa aikin ƙwadago Jamus ta Yamma, da yawansu sun tare a tsofaffin gidajen Kreuzberg da Wedding da Neukölln, unguwannin da ke jikin katanga waɗanda masu hali suka guje wa. Daga baya Falasɗinawa da 'yan Labanan suka biyo baya lokacin yaƙin basasar Labanan, sai 'yan Siriya daga wajen 2015. In ka shiga titin Sonnenallee da magariba, allunan shaguna rabi da Larabci suke. Ga kaji a jere a kan gawayi hayaƙi na fita ta ƙofa, ga mahauta da tambarin halal a gilashi, ga manyan tire na baƙlawa an jera su hawa-hawa, mai shago na yanka da wuƙa yana aunawa. Ka yi sallama a amsa maka. Na ci shinkafa da naman rago a wani ƙaramin gidan abinci inda teburori suka matse har gwiwata na gogar ta maƙwabcina, aka kawo shayi a ƙaramin kofin gilashi ba tare da na nema ba. Ranakun Talata da Juma'a kuma kasuwar Turkawa na ci a bakin ruwa a Maybachufer, akwai kayan miya da yadi da zaitun.

Juma'a a masallacin Şehitlik na yi ta, a titin Columbiadamm. Gini ne irin na Daular Usmaniyya mai hasumiya biyu, a cikin maƙabartar Turkawa da ke nan tun 1866. Huɗuba da Turkanci aka yi, ban ji komai ba sai ayoyi, amma sahu ya cika har waje duk da sanyin. A bayansa tsohon filin jirgin sama na Tempelhof yake, wanda aka rufe a 2008 aka mayar wurin shan iska. Mutane na tuƙa keke a kan titin da jirage ke sauka a da. Iskar wurin a Fabrairu ba ta da tausayi, ban daɗe ba na gudu.

Kada in yi wa kowa rufa-rufa, unguwar ba ta da tsabtar da Bahaushe ke zato in an ce Jamus. Za ka ga tsohuwar katifa ko karyayyen firji an jingine a gindin bishiya, bango duk rubuce-rubucen fenti. A wasu tashoshin U8 akwai 'yan shaye-shaye a zaune a kan matakala, wani na magana shi kaɗai. Babu wanda ya taɓa ni, amma mace mai tafiya ita kaɗai ko mai ɗauke da yara sai ta yi tunani a kan haka. Gidajen kuma tsofaffi ne, yawancinsu ba na'urar hawa bene. In an ce maka hawa na huɗu, ba sa lissafa na ƙasa, ke nan benaye huɗu cur za ka haura da akwatin samfurin citta a kafaɗa. Tun kafin in biya na aika wa masu masaukin tambayoyi: akwai lif? Taga titi take kallo ko tsakar gida? Minti nawa ne a ƙafa zuwa tasha? Na samu ɗaki ta ciki, mai kallon tsakar gida inda ake ajiye kekuna da kwandunan shara, kuma shi ya sa na yi barci, don jiniyar motocin asibiti ba ta ɗaukewa a babban titi. Buta kuwa babu ita a ko'ina, a otal mai tsada ko mai araha. Gorar ruwa ce ta fisshe ni.

Alhaji ya sauka a Charlottenburg, yana takawa da ƙafa zuwa filin. Tituna masu faɗi, tsabta, ga lif, ga shiru. Sai dai a makon baje koli kuɗin ɗaki a wajen kan yi tashin gwauron zabo, kuma da safe teburin karin kumallo cike yake da yankakken nama kala-kala da ba ka san na mene ne ba. Burodi da ƙwai ya riƙa ci. Da yamma sai ya bugo: "Malam, ka tanadar mana kujera, ga ni nan tafe, yau cikina ya gaji da burodi." Duk da haka, da mahaifina zan kawo, nan zan sauke shi, saboda gwiwa ba ta san araha ba.

Matashin namu a Mitte ya sauka, kusa da Alexanderplatz. Ga wanda ya zo kwana biyu don buɗe ido, ban ga abin da ya fi nan ba. Ƙofar Brandenburg da tsibirin gidajen tarihi duk kusa suke, bas mai lamba 100 na bi ta gabansu har tashar Zoo. Titin Wilhelmstraße, inda Turawa suka zauna taron 1884 zuwa 1885 kan rabon Afirka, shi ma nan yake. Amma abincin wurin na 'yan yawon buɗe ido ne, kuɗi da yawa ciki ba ƙoshi, kuma sai ka dafe aljihu a dandalin.

Unguwar da ban yi lissafi da ita sosai ba, ta kuma shiga raina, ita ce Wedding a arewa. Ita ma a kan zoben take, kuma ta fi Neukölln kusa da Messe Nord in ka hau S42. Na je ne neman yaji. A can akwai wani yanki da titunansa ke ɗauke da sunayen ƙasashenmu: titin Kamaru, titin Togo, titin Ghana, titin Senegal. Akwai dandalin da a da ake kira da sunan Gustav Nachtigal, Bajamushen da ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan sarkin Prussia a Kukawa a 1870, daga baya kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A 2022 aka cire sunansa aka sa na Manga Bell, don tunawa da sarkin Duala na Kamaru da Jamusawa suka rataye a 1914. A wani shagon kayan Afirka na tarar da manja a gora, doya a kwali, garin kwaki da busasshen kifi. Ina juya ƙullin barkono sai wani dattijo ya dubi hulata ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Daga gida?" Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a garin. Shi ya ja kunnena a kan abu biyu. Na farko, in guji ratsa lambun Görlitzer da ke Kreuzberg, domin an san wurin da cinikin ƙwaya, kuma 'yan sanda sun fi tsayar da baƙar fata a can, ko da kai wucewa kawai kake yi. Na biyu, kada arahar otal ta ja ni can ƙarshen gabashin gari, inda baƙin mutum ke zama abin kallo a jirgin dare. Maganarsa ce, shi da ya zauna, kuma na ɗauka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke shafar zaɓin unguwa waɗanda ba a gani a hoton ɗaki. Filin jirgin sama na BER, wanda aka buɗe a 2020, yana wajen gari a shiyyar tikiti ta C (A da B su ne cikin gari), don haka tikitin ABC ake yanka daga can, alhali zirga-zirgar cikin gari AB ta wadatar. Babu shinge a tashoshi, amma in tikitin takarda ne sai ka cusa shi a ƙaramar na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba tarar Yuro 60 ce. A tsakiyar mako jiragen kan tsaya wajen ƙarfe ɗayan dare, sai bas ɗin dare, amma daren Juma'a da na Asabar yawancinsu kwana suke suna aiki. Ranar Lahadi kuma manyan shaguna a rufe suke, sai na cikin manyan tashoshi kamar Hauptbahnhof, babbar tashar jirgin ƙasa ta garin. A irin Neukölln da Wedding ba ka jin wannan sosai, don gidajen abinci da na burodi a buɗe suke.

Duk wannan lissafin hunturu ne. Wanda zai je a watan Yuni zai tarar rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, gari ya waye tun kafin biyar, mutane kuma na zaune a bakin titi har tsakar dare. Ƙananan masaukai da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, dole ka bar taga a buɗe, kuma a lokacin ne ɗakin da ke kallon Sonnenallee zai hana ka runtsawa tsakanin Isha'i da Asuba, waɗanda dama 'yan awoyi ne a tsakaninsu.