Allon kafaɗa ya juyu, bayan ya fara kama da na mutum

'Yan'uwa masu gina tsokoki da yumɓu, yau dai hannun dama na samfurin nan ya ɗagu sama, kuma bayan ya zauna yadda ake so. Alhamdu lillahi. Gangar jiki ce ba kai, rabin girman mutum, hannun hagu a sake, na dama a miƙe sama. Haƙarƙarin na waya ne da na sayo a kasuwar Wunti ta Bauchi, an cusa tsohuwar jarida a ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai tun farkon aikin shi ne allon kafaɗa. Yawancin zanen da muke koyi da shi, hannuwa biyu a sake suke. A haka allon yana kwance kan haƙarƙari na 2 zuwa na 7, gindin tudun da ya ratsa shi yana daidai T3 (wato ƙashi na 3 a jerin ƙasusuwan baya na sashen ƙirji, in an ƙirgo daga sama), ƙasan kusurwarsa daidai T7, gefensa na ciki kuma kamar yatsu uku daga ƙashin baya. Duk wanda ya kafa allon a nan ya ɗaga damtse kaɗai, zai ga abin takaici: kafaɗa kamar ta goce, hamata ta yi rami, deltoyid, tsokar da ta lulluɓe kafaɗa, ta rasa wurin zama, kuma duk yumɓun da za a ƙara ba zai rufa asiri ba.

Dalili kuwa, cikin digiri 180 na ɗaga hannu, kusan 120 ne kawai ke fitowa daga gaɓar damtse, sauran 60 allon ne ke juyawa. A digiri 30 na farko da ƙyar yake motsi, daga nan sai ya bi hannu. Kuma babu inda allon ya haɗa gaɓa da haƙarƙari, tsokoki ne ke riƙe da shi. Ƙashin da ya taso daga saman ƙirji zuwa kafaɗa, wato kilabikul, shi kaɗai ya haɗa kafaɗa da gangar jiki.

Saboda haka allon yumɓu ba zai yi ba. Ku yanko shi daga gefen tsohuwar jarka, inda robar ke da ɗan lanƙwasa, tsawonsa kusan santimita 7 da rabi, tunda na babban mutum yana kai wajen 15. A ɗan gasa shi nesa da wuta, a danna kan haƙarƙarin ya ɗauki siffarsa. Tudun da akromiyon (ƙarshen tudun da ya fito saman kafaɗa) kuma a ɗaure su da waya mai kauri. Ƙusa ɗaya a tsakiya ba ta wadatar, domin allon ba juyawa kawai yake yi a wuri ɗaya ba, yana kuma zamewa ya kewaya haƙarƙari zuwa gaba. Abin da ya yi aiki shi ne tsaga doguwar kafa kusa da gindin tudun maimakon huda, ƙusar ta riƙa yawo a ciki, sannan a yi wa wayar kilabikul zobe a saman ƙirji don ta iya ɗagawa. In ka tura ƙasan kusurwar waje har ta kusa layin tsakiyar hamata, za ka ga akromiyon ya ɗago da kansa, kwaskon gaɓar ya kalli sama. A nan ne za a ɗaure komai tamau. Kar a manta a murɗa damtsen waje, in ba haka ba ƙullutun kansa zai ci karo da akromiyon, yadda yake yi a jikin mai rai.

Da allon ya zauna, tsokokin suka riƙa faɗa wa wurarensu. Tirafiziyos, faffaɗar tsokar da ta rufe wuya da saman baya, ta sama tana jan akromiyon sama, ta ƙasa da ta gangara har T12 tana jan gindin tudun ƙasa, seratos kuma daga haƙarƙari tana jan ƙasan kusurwar gaba. Su ukun nan ne ke juya allon, don haka a ɓangaren dama sai su fito a ɗaure, romboyid da ke ƙarƙashi, tsakanin allon da ƙashin baya, kuwa ta miƙe ta yi siriri. Ni a ganina ɓata yumɓu ne a yi wa romboyid ado, tirafiziyos za ta rufe kusan dukkanta. A sa ta dai saboda kaurin wurin.

Inda za ku sha wahala shi ne bayan hamata. Latisimos tana tasowa daga T7 zuwa ƙasa har ƙugu, ta bi ta kan ƙasan kusurwar allon, sannan ta naɗe teres babba (tsokar da ta taso daga ƙasan allon zuwa damtse) ta ƙasa ta je ta kama damtse ta gaba. Ta gaba, ba ta baya ba. A fara sa teres babba, a murza latisimos kamar gefen zane, a zagayo da ita. Dogon kan tiraisef, tsokar bayan damtse, kuma ya ratsa tsakanin teres babba da ƙarama, babba ta gabansa, ƙarama ta bayansa. Ku bar ɗan fili mai kusurwa uku tsakanin tirafiziyos, latisimos da gefen allon, yana nan a jikin mutum, a nan likita ke jin numfashi sosai da abin sauraronsa.

Sai maganar hunturu. Yumɓun masu tukwane yana ƙanƙancewa in ya bushe, waya da roba kuwa ba sa bin sa. Latisimos da na shimfiɗa da kaurin milimita 3 ta wayi gari a tsattsage daga ƙugu har hamata, duk da jiƙaƙƙen tsumma da ledar da aka rufa mata. Dole ta sa na koma filastisin, irin yumɓun nan mai maiƙo da ba ya bushewa, don tsokoki masu faɗi, kuma naira 12,000 suka tafi a kansa, abin ya yi mini ciwo. Masu kauri kamar deltoyid da infirasfainatos (tsokar da ke ƙasan tudun allon) suna nan da yumɓu, ana fesa musu ruwa safe da yamma. Shi ma filastisin in zafin Maris ya shigo Bauchi zai yi laushi ya fara zamewa, sai a nisanta shi da taga da ɗakin kwano.

Yanzu saura lotsawar da ke fitowa a kan akromiyon in deltoyid ta tattaru kusa da wuya. Hoto ba ya nuna zurfinta, sai dai a sa wani ya ɗaga hannu a taɓa da yatsa. Wanda ya san abin da ake gauraya wa yumɓu ya rage tsagewa a wannan iska, don Allah ya taimaka kafin in taɓa ɓangaren hagu.