Hannun ya daina rawa a Gazebo

Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya hannun mutum-mutumin nan mai gaɓoɓi shida da nake gwadawa a Gazebo, manhajar da ke kwaikwayon motsin na'ura a kwamfuta, ya ɗago daga ƙasa, ya miƙe, ya tsaya cak a inda na umarce shi. Alhamdulillahi. Na fi minti biyar ina kallon allo ban taɓa linzami ba, don sati uku cur na yi ina fama da shi, har na fara tunanin in watsar da zanen gaba ɗaya in ɗauko samfurin da wasu suka riga suka gina.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a RViz, manhajar da ke nuna siffar hannun a allo, komai lafiya lau. Kowace gaɓa tana juyawa a kan layinta, zanen STL, wato fayil ɗin siffar sassan, ya zauna daidai tun da na sa ma'aunin 0.001 don juya milimita zuwa mita. Amma da zarar na jefa shi cikin Gazebo sai kafaɗa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, wuyan hannu kuma ya kama karkarwa, wani lokacin ya tarwatse gaba ɗaya, sassa su watse ko'ina. Na manta cewa RViz nuni kawai yake yi, bai damu da nauyi ba. Gazebo ne ke lissafin ƙarfi da motsi a kowane ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Ni kuwa na ɗora laifin a kan lambobin PID, waɗanda ke saita yadda ake tura kowace gaɓa: P na ƙarfin turawa, D na kwantar da motsin. Kafaɗa ba ta motsi, sai na ƙara P. Ta ɗan motsa, na sake ƙarawa, na bi sauran gaɓoɓin da irin wannan lambar. Wuyan hannu ya ƙara haukacewa, na ƙara D, na rage, na sake ƙarawa. Kwana goma sha biyar suka tafi a haka, kuma wallahi wannan asarar lokacin ta yi min ciwo, domin a cikinta ne na so in gama haɗa MoveIt, manhajar da ke tsara hanyar da hannun zai bi.

Shekaranjiya na buɗe zaɓin da ke nuna inashiya (wato nauyin juyi) a Gazebo, wanda ke zana akwati mai launin hoda a kan kowane sashe. Damtsen da tsawonsa santimita 30 ne, akwatinsa ya kusa mita 10, ya rufe filin duka. Nan take gabana ya faɗi.

Na koma takarda da biro. Damtsen nauyinsa kilo 1.2, rabin kaurinsa santimita 4. In ka ɗauke shi a matsayin silinda, ixx, wato inashiyarsa in an juya shi a gicciye, zai zo wajen 0.0095, izz, ta juyi a kan layin tsawonsa, wajen 0.00096. A fayil ɗina na URDF, wanda ke bayyana sassan hannun, kuwa 9.48 na rubuta wa ixx. Manhajar zane ta ba ni adadin ne da giram da milimita, URDF kuma kilogiram da mita yake so. Na juya milimita, na raba da miliyan ɗaya, amma na bar giram yadda yake. Da biliyan ɗaya ya kamata in raba. Sifili uku kacal. Kuma tunda girman akwatin yana bin tushen murabba'in kuskuren ne, ninki dubu ya zama ninki 31 da ɗoriya a tsawo, ga mita 10 ɗin nan.

Wuyan hannun nasa daban ne. Ƙananan sassan uku ban ma lissafa su ba, 0.000001 na cusa musu da niyyar in dawo daga baya, ban dawo ba. To ga sashe mara nauyin juyi, ga P da na cika don in tura kafaɗa mai nauyin ƙarya, dole ya yi rawa. Ashe ni ne nake hura wutar da hannuna.

Akwai kuma wani tarko da na kusa faɗawa ina gyara: manhajar zanen tana ba da jadawalin inashiya biyu, ɗaya a cibiyar nauyi, ɗaya a mafarin zane. Na cibiyar nauyi ake sawa, sannan a rubuta inda cibiyar take a cikin sashen. Ku duba naku tun yanzu, jama'a. Na kuma gwada kowane sashe da ƙa'idar nan ta cewa jimillar kowane biyu daga lambobin inashiya ukun nan, ixx, iyy da izz, ba za ta gaza na ukun ba.

Bayan gyara na mayar da P ƙasa sosai, kusan inda na fara tun farko, hannun ya bi hanya sumul. Na sa shi ya ɗauki ɗan akwati ya ajiye sau ashirin a jere, bai kuskure ko ɗaya ba, kuma ina alfahari da wannan ƙwarai.

Saura abu guda da ke damuna. Idan kusurwar gaɓa ta biyar ta kusa sifili, ta huɗu da ta shida suna hawa layi ɗaya, sai ta huɗun ta fizge da gudu a tsakiyar tafiya madaidaiciya. Yau da dare zan sauya yanayin da hannun ke farawa da shi, in lanƙwasa ta biyar da digiri 30, in ga ko fizgar za ta ragu.