Katakon layin dogo na nema, azara na samu

Laifin wayata ne. Wani dare ina kwance ina latse-latse sai na ci karo da hoton wani lambu a Ingila. An jera wasu dirka-dirkan katakai baƙaƙe an tare ƙasar shuka da su, ga matakala uku a gefe, su ma na katakon. Wai tsofaffin katakan layin dogo ne, irin waɗanda ake shimfiɗawa kwangiri ya hau kansu. Na miƙa wa uwargida wayar. Ta duba ta ce, "To ai ga bayan gida nan. Kullum damina ƙasar sai ta bi ruwa ta zo ta toshe mana ƙofar kicin." Gaskiyarta. Filin bayan gidanmu a Kano ɗan gangare ne, duk alayyahun da ta shuka a watan Yuli sai mu tsince shi a bakin rariya a watan Agusta.

Irin katakon nan na Turawa tsawonsa ƙafa 8 da rabi ne, faɗi inci 10, kauri inci 5. Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, kuma nauyin nan shi ne amfaninsa: ka ajiye shi, ƙasa ta jingina da shi, ko gezau. Guda takwas nake buƙata.

Na fara da wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin reluwe. Da na nuna masa hoton sai da ya yi dariya har da tari. "Yaro, wane katako? Mu ƙarfe muka sani." Ya ce tsohon layin nan da ya iso Kano a 1911, mafi yawan inda ya yi aiki a kansa ƙarafa ne a ƙarƙashin kwangirin, katako sai a kan gada ko inda layi ke rabuwa. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa kan kankare ya kwanta. Na ce, "Baba, to ko kaɗan ɗin nan fa, ba a samu?" Ya gyara zama ya ce kayan gwamnati ne, duk wanda ya kawo mini shi a bayan fage ba tare da takardar gwanjo ba, ni da shi duk ɓarayi ne a idon hukuma. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa shinshina ɗaya. Ana jiƙa su ne da wani baƙin mai da ake samu daga kwal, kiriyosot, mai warin kwalta, wanda in rana ta buɗe yakan tsattsafo ya yi naso. Daga baya na gano cewa su kansu mutanen Ingila tun 2003 suka hana sa irin wannan katako a inda fata za ta riƙa taɓa shi ko a mazubin shuka. Ka ƙiyasta shi a zafin Afrilu na Kano, kusa da latas ɗin da yara za su ci ɗanye. A nan na yi sallama da wannan buri.

Sai kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa. Wanda bai taɓa shiga ba, ya tafi da hula da haƙuri: ƙarar injin tsaga, garin katako a hanci, masu kura suna "hanya, hanya". Babu mai ajiye katako mai kaurin inci 5, sai dai a yanka maka musamman, kuma da na ji kuɗin guda ɗaya na maɗaci sai na nemi benci na zauna. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ta fi kowa taurin kai, amma samun doguwa miƙaƙƙiya aiki ne. Madobiya kuwa kada ma ka tambaya. An yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta a jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2016.

Saboda haka na koma wajen farin katako, tu-bai-sikis (kauri inci 2, faɗi inci 6) mai ƙafa 12, da niyyar in haɗa bibbiyu da ƙusa. Mai rumfar bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, wannan na rufi ne. In ka kwantar da shi a ƙasa, walima ka shirya wa gara." Na ce zan shafe shi da baƙin man mota. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ƙirga kuɗinsa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Damina ɗaya ya yi. Da kaka na durƙusa zan cire ciyawa, na dafa katakon, sai babban yatsana ya shige ciki kamar na dafa burodi. Daga waje lafiya lau, baƙi wuluk, har da sheƙi. Da na ɓantare ɓawon sai ga ciki duk jar ƙasa da ramuka, ga gara nan farare suna gudun haske. Sun bar fatar da man ya taɓa, sun cinye tsokar. Abin da ya fi ci mini rai ma ba asarar ba ce, tunanin cewa wata huɗu baƙin man mota yana tsiyaya cikin ƙasar da muke cin ganyenta. Sai da na kwashe ƙasar gefen duka na zubar.

Maginin da ya yi mana katanga ne ya fitar da ni. Ya kira ni wata Asabar ya ce suna rushe wani tsohon gidan ƙasa a cikin birni za a yi na bulo, in zo in ga azara. Na je na tarar an tara su a gefe za a sayar wa mai kosai ta hura wuta. Azara dai tsagin gangar giginya ce, da ita kakanninmu suka yi rufin soraye, kuma sun zaɓe ta ne don gara ba ta cika yi mata komai ba. Waɗannan sun girmi mai gidan, amma da maginin ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma sai ta amsa kamar ƙarfe. Shi ya koya mini zaɓe: a ɗauki baƙa mai nauyi wadda zarenta ya cushe, a bar mai haske, don wannan daga cikin gangar ta fito, ɓargo ce kawai. Na kwashi goma sha huɗu. Kuɗin mai kurar da ya kawo su ya kusa kamo kuɗinsu.

Aiki da ita ba daɗi. Ta dakushe mini zarto, ƙusa kuma lanƙwashewa take, sai an fara huda da inji. Zarenta kamar allura. Kwana uku ina cire sartse a tafin hannu. Kuma ba ta da faɗin na hoton, sai an ɗora uku kafin ta yi tsayin da nake so. Wannan karon ban yarda itace ya taɓa ƙasa ba. Mun fara jera bulo inci 6 layi ɗaya, muka cika ramukansa da kankare, muka dasa guntayen rodi a ciki, sannan aka huda azarar aka zura ta a kai. Ta ciki muka sa leda mai kauri, muka zuba tsakuwa a gindi don ruwa ya samu hanya.

Matakalar kuwa da kaina na zuba ta. Na yi akwati da ragowar katako, siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 4, rodi biyu a tsakiya, da ɗan baƙin garin kala. Kafin ya daskare na danna tsohon katako a kai don zanen itace ya fito. Ta farko na yi garajen cire ta washegari, ta rabe biyu a hannuna. Sauran na bar su mako guda ina yi musu ban-ruwa safe da yamma a ƙarƙashin buhu. Baƙo ba ya gane ba itace ba ne sai ya taka. Wani aboki ya ba ni shawarar tsofaffin tayoyi, kyauta ma, amma uwargida ta ce gidanta ba shagon faci ba ne.

Damina biyu ke nan ƙasa ba ta zo ƙofar kicin ba. Duk Juma'a da safe nakan zagaya da sukundireba ina tsokanar azarar. Makon jiya na ga siririyar hanyar jar ƙasa ta hau bulon, ta kai daidai gindin itacen ta tsaya. Na kankare ta, na bi sawunta har bayan tankin ruwa, inda na tarar da guntun farin katakon nan da na manta ban ƙone ba.